Kundin Shirin Gudun Kewaye Dutse a Lokacin Hunturu

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda shirin da na sa a gaba yake tafiya, mai daɗi da marar daɗi. Niyyata ita ce in kewaye garin Dutse da gudu a yini ɗaya, ta hanyoyin ƙafa da burtali da gefen gonaki, ba tare da na taka kwalta ba sai inda ya zama dole in tsallaka titi. Gudun famfalaƙi da duniya ta sani kilomita 42 ne da mita 195, irin wanda ake yi a Legas a watan Fabrairu tun shekarar 2016. Duk abin da ya haura haka ya shiga sahun gudun dogon zango, kuma da'irar da na zana a taswirar waya ta kai wajen kilomita 58, tun daga ƙofar gidanmu, ta ratsa ƙauyukan da ke zagaye da birnin, ta dawo inda ta faro.

A Turai akwai masu yin irin wannan gudu a tsakiyar sanyinsu, suna bin hanyoyin karkara da suka zagaye biranensu cikin taɓo da ƙanƙara da gajeren yini. Namu hunturun dabam ne, amma shi kaɗai ne lokacin da mutum zai iya daɗewa yana gudu a wannan yanki. Da damina gonaki a rufe suke da shuka, hanyoyi kuma sun cika da ruwa, da bazara kuwa zafin rana yakan haura digiri 40. Na tsayar da Asabar 15 ga Fabrairu, saboda a lokacin an gama kwashe amfanin gona, azumi bai kama ba tunda ana sa ransa a farkon Maris, sannan akwai farin wata da asuba, domin tsakiyar Sha'aban ce.

A yanzu ina iya yin kilomita 15 ba tare da wahala ba. Tsarin da zan bi shi ne gajeren gudu a ranakun aiki kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, dogon gudu kuma ranar Asabar, ina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabace shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau ban yi gudu ba. Ƙanena ya goya ni a babur muka bi hanyar gaba ɗaya domin mu ga abin da taswira ba ta nunawa. Man fetur ya haura naira dubu a lita, mun sha lita 4, naira 4,400.

Abin da na gani ya sauya mini tsarin sosai. Ƙasar kashi uku ce. Akwai jigawa mai rairayi, inda ƙafa take nutsewa, babur ɗin ma sai da muka tura shi a wurare biyu. Akwai gindin duwatsu, inda ƙasa take da tsauri da tsakuwa, ga 'yan hawa da gangara waɗanda ba su da tsawo amma suna maimaituwa. Sai kuma fadama, inda masu noman rani suka fara shinge lambunansu da ƙaya, suka toshe wata hanya da na ɗauka a buɗe take, dole muka yi ratse na kusan kilomita ɗaya. Za a tsallaka kwalta a titin da ya nufi Shuwarin da kuma wanda ya nufi Kwanar Huguma, kuma duka biyun na zaɓi wuraren da ake hango mota daga nesa.

Abin da na fi mayar da hankali a kansa shi ne ruwa. Na rubuta kowace rijiya da kowane famfon tuƙa-tuƙa da muka wuce, da wanda yake aiki da wanda ya lalace. Akwai tazara ɗaya ta kimanin kilomita 13 da babu ruwa ko kaɗan, sai gawo da kuka da gonakin da aka girbe, kuma bisa lissafina da tsakar rana zan iso wurin. Daga yau na daina kallon hanyar a matsayin kilomitoci, na koma kallonta daga wannan ruwa zuwa wancan.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kilomita 8 bayan sallar asuba. Iska ta fara juyawa daga arewa maso gabas, sanyi ya fara sauka. Babu wata matsala.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na je Kano neman takalmi, domin kambas ɗin da nake amfani da shi ƙasansa ya suɗe, kuma takalmin gudu yakan gama aikinsa ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Sabo ya fi ƙarfin albashina, saboda haka na nufi 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai. Na daɗe ina juya takalma kafin in sami wanda yake da haƙora a ƙasa, wanda kuma tsakiyarsa bai mutu ba idan aka danna shi da yatsa. Na ɗauki wanda ya ɗara ƙafata kaɗan, saboda ƙafa tana kumbura idan gudu ya yi tsawo, kuma matsattsen takalmi shi ne yake baƙanta farce. Takalmi naira 17,000, safa ƙafa biyu 2,400, kuɗin mota zuwa da dawowa 9,000.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kilomita 19, kuma ƙarangiya ce ta cinye mini kusan rabin sa'a daga ciki. A wannan lokaci ta bushe, tana nan jibge a gefen kowace hanya, da zarar safa ta goge ta sai ta manne, ta gangara cikin takalmi tare da rairayi. Duk bayan ɗan lokaci sai na zauna na cire takalmi, ina tsince ta ɗaya bayan ɗaya, tana komawa yatsun hannu. Tsidau ma ya huda ƙasan takalmin a wuri ɗaya amma bai kai ga fata ba.

Masu tseren Marathon des Sables, wanda ake yi a saharar Maroko tun 1986 mai nisan kusan kilomita 250, suna ɗinka wa takalmansu wata riga da take rufe su har idon sawu domin hana rairayi shiga. Na nuna wa telan ƙauyenmu hotonta, ya ce zai gwada da santsin yadin lema, wanda ƙarangiya ba ta kamawa. Na kuma ba shi wata tsohuwar falmaran ya ƙara mata aljihu huɗu, biyu a ƙirji na gorar ruwa, biyu a gefe na abinci. Duka aikin naira 5,500.

Asabar, 7 ga Disamba

Abin da ya faru yau ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla. Na fita tun kafin kiran sallar farko domin in saba da gudu cikin duhu, tunda ranar kewayen da ƙarfe huɗu zan tashi. Ina sanye da fitilar goshi da na saya naira 4,000, na rufe hanci da baki da rawani saboda ƙura. Ina dab da shiga wani ƙauye da ke kan hanyar sai aka haske ni da tocila daga gefe biyu, aka daka mini tsawa in tsaya. 'Yan sintiri ne su huɗu, da gora da bindigar toka. Na tsaya cak, na sauke rawanin, na yi musu sallama, na faɗi sunan ƙauyenmu da na mahaifina. Babbansu ya ce, “Malam, mutumin da ya rufe fuska yana gudu a bayan gari da wannan tsohon dare, me kake so mu ɗauke shi?” Ya yi gaskiya. Kaka ce, hatsi yana jibge a gonaki da masussuka, kuma sun ce a kwanakin nan an kwance wa wani tumaki.

Sun tafi da ni masallaci, muka yi sallar asuba tare, aka yi sa'a limamin ya taɓa ganina a makarantarmu, sannan suka sallame ni cikin mutunci. Gudun yau ya tsaya a nan, na dawo gida a ƙafa.

Da la'asar Kawu ya raka ni wurin dagacinmu. Bayan mun kwashi gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, wani aiki na sa a gaba da zai riƙa kai ni ƙasar wasu da duhu, ina neman a sanar da su.” Ya saurari bayanin har ƙarshe, ya tambayi amfanin abin, na ce lafiyar jiki ce da kuma nuna wa yaranmu cewa irin wannan wasa ba sai an je wata ƙasa ba. Ya sa aka rubuta mini takarda da hatiminsa, ya kuma ce in bi masu unguwannin da hanyar ta ratsa ɗaya bayan ɗaya in gabatar da kaina da rana tsaka. A ganina wannan shi ne daidai. Waɗannan hanyoyi ba na gwamnati ba ne kamar kwalta, ƙafafun mutanen wurin ne suka fitar da su, zuwa gona da rijiya da kasuwa, kuma wanda zai bi su da dare wajibi ne masu su su san fuskarsa.

Laraba, 11 ga Disamba

Ɗinkin tela ya yi kyau. Kilomita 10 babu ƙarangiya ko ɗaya a cikin takalmi, sai dai igiyar da ta zagaya ta ƙarƙashi tana gogar ƙasa, zan sa a canza ta da roba. Na fara zagayen masu unguwanni bayan an tashi daga makaranta.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi hutun makaranta, na yi niyyar kilomita 30, na kuma cika su, amma da ƙyar. Da na fita sanyi yana ratsa ƙashi, yatsuna sun ƙage har ba na iya buɗe murfin gora, mutane na zaune a bakin wuta a ƙofar gidajensu. Har wajen ƙarfe tara ban ji ƙishirwa ba, rigata a bushe take, babu alamar gumi. Daga kilomita 22 kaina ya fara sarawa, sha-raɓata ta dama ta riƙa ɗaurewa, bugun zuciya ya ƙaru alhali ban ƙara sauri ba. Na tsaya a gindin wata tsamiya, da na shafa fuska sai na ji gishiri yana zuba kamar gari, gefen hular ma ya yi fari. Ragowar hanyar tafiya da sassarfa na haɗa.

Wannan ita ce babbar yaudarar hunturu ga mai gudu. Iskar ta bushe ƙwarai, saboda haka gumi yana fita amma yana ƙafewa nan take kafin ya jiƙa riga, numfashi ma kowane fita da ruwa yake tafiya, sanyin safiya kuma yana danne jin ƙishirwa. Mutum yana tsiyayewa bai sani ba. Na taka sikelin mai sayen riɗi da ke bakin kasuwa kafin in fita da kuma bayan na dawo, na tarar na sauka daga kilo 64 zuwa 61 da rabi, duk da lita ɗaya da na sha a hanya. Kowane kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma masana motsa jiki sun nuna cewa idan asarar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin mutum ƙarfinsa yakan fara raguwa. Tawa ta kusa kashi 4.

Maganin ba ɗirkar ruwa zalla ba ne, domin wanda ya cika cikinsa da ruwa alhali gishirin jikinsa yana fita zai iya faɗawa wata cutar da ta fi ƙishirwa haɗari, inda gishirin jini yake yin ƙasa har mutum ya ruɗe ko ya suma. Na koma ga haɗin da ake koya wa iyaye mata a asibiti idan yaro yana gudawa, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Daga yanzu gora ɗaya ruwa ce, ɗaya kuma wannan haɗi, kuma zan riƙa kurɓa duk bayan minti 15 bisa agogo, ko na ji ƙishirwa ko ban ji ba.

Asabar da Lahadi, 28 da 29 ga Disamba

Kilomita 28 ranar Asabar, 16 ranar Lahadi a kan gajiyar jiya. Manufar haɗa kwana biyu a jere ita ce ƙafa ta saba da aiki bayan ta gaji, ba tare da an yi nisan da zai karya jiki a rana ɗaya ba. Shan ruwa bisa agogo ya yi aiki, babu ciwon kai, babu ɗaurewar nama.

Na yi amfani da kwanakin wajen gwada abinci. Abin da jiki yake ajiyewa na sukari a tsoka da hanta ba ya wuce gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu, bayan nan sai an riƙa ci a hanya, kimanin giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Dabino ya fi komai dacewa, ba ya lalacewa, ba ya nauyi, ga shi a ƙasar Dutse ba baƙo ba ne, sai dai busasshe yana wahalar taunawa idan baki ya bushe, don haka Inna ta ce a jiƙa shi tun dare a cire ƙwallon. Dafaffen dankalin Hausa da ɗan gishiri ya zauna mini lafiya. Ƙuli-ƙuli bai yi ba, ya tsaya mini a maƙogwaro, ya kuma ja ƙishirwa, na cire shi daga lissafi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Hazo ya sauka tun shekaranjiya. Duwatsun da nake saita hanya da su sun ɓace, rana ta fito fara fat, ana iya kallonta da ido. Yawancin wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iska ta kwaso shi ta sauke mana. Laushin nata ne matsalar, domin tana wuce hanci ta shiga huhu, kuma mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na wanda yake zaune.

Na rage gudun zuwa kilomita 12 a hankali da takunkumi, duk da haka na dawo da tari da ɗan haɓo. Na yanke cewa duk ranar da ba na hango dutsen da ke gabas da gidanmu daga ƙofar gida, ba zan yi dogon gudu ba. Faso ma ya buɗe a dugadugina na hagu. Ina jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, in goge kaushin da dutse, in cika wurin da man kaɗanya, in kwana da safa. Ina kuma shafa basilin a cikin hanci da leɓe da tsakanin cinyoyi kafin in fita.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ne ya kamata in yi kilomita 36, wanda shi ne zai zama mafi tsawo kafin ranar kewaye, amma a kilomita 24 na yi targaɗe. Hanyar ta ratsa wata gonar dawa da aka girbe, inda amalanken shanu masu kwasar kara suka farfasa kunyoyi, tushiya kuma tana tsaye a ko'ina, wata rairayi ya rufe ta. Ƙafata ta dama ta sauka a gefen wata, idon sawu ya juya waje, na ji zafin har tsakiyar kai, na faɗi a kan hannu. Kafin in kwance takalmi wurin ya fara tashi.

Wani dattijo da yake ɗaure kara a gonar ya taso da sauri yana cewa, “Sannu ɗana, kada ka taka, zauna tukuna.” Ya kama ni zuwa inuwar wani gawo, wanda a wannan lokaci na rani yake cike da ganye, ya kwance rawaninsa ya jiƙa da ruwan butarsa ya naɗe mini ƙafar. Babu sabis a wurin, sai da jikansa ya hau wani tudu da wayata kafin ya samu ƙanena. Na zauna fiye da awa ɗaya ina jira, dattijon bai koma aikinsa ba har babur ya iso. Allah ya saka masa da alheri.

A gida an rabu biyu. Kawu ya ce a kira maɗori ya ja ƙafar, ni kuma na roƙe shi a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto, domin ban iya taka ta taku huɗu ba, kuma ƙashin gefen yana zafi idan an danna, waɗanda alamu ne da suke sa a nemi hoto don a tabbatar babu karaya ko tsagewa. Na ce, “Kawu, idan hoto ya nuna ƙashi ne, ni da kaina zan ce a yi abin da ka ga ya dace.” Ya amince. Hoton ya nuna ƙashi lafiya lau, jijiyoyin gefen waje ne suka ja. Ma'aikacin ya ce in huta, in riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, in ɗaure da bandeji, in ɗaga ƙafar sama da ƙirji idan na kwanta, kada kuma a murza ta ko a gasa ta da ruwan zafi a kwanakin farko. Ya ƙara da gargaɗin da na ga ya kamata duk mai dogon gudu ya sani, cewa kada in kuskura in sha magungunan kashe zafi irin su ibuprofen a ranar gudun domin in danne ciwo, saboda idan suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. Kati da hoto naira 6,500, bandeji 1,500.

Ban ɓoye wa kowa ba cewa raina ya ɓaci ƙwarai, domin wata biyu na aiki ne nake gani yana neman zubewa.

Laraba, 15 ga Janairu

Kumburi ya fara sauka, wurin ya yi baƙi-baƙi har zuwa yatsu. Ina zuwa makaranta a bayan babur, ina koyarwa a zaune.

Da dare ina bin labarin tseren Spine Race a waya, wanda ake yi a Ingila kowane Janairu a kan hanyar ƙafa ta Pennine Way, mil 268, wato kusan kilomita 430, cikin dusar ƙanƙara da dare mai tsawo. A 2019 wata likitar dabbobi mai suna Jasmin Paris ta riga kowa isowa, maza da mata, cikin awa 83 da 'yan mintuna, alhali tana da jaririya da take shayarwa. Abin da na lura da shi a irin wannan tsere shi ne babu wanda yake gudu daga farko har ƙarshe. Suna tafiya a hawa, su yi sassarfa a miƙe, su tsaya su gyara ƙafa tun bororo bai fashe ba. Su jiƙa da sanyi suke yaƙi da su, ni bushewa da rana, amma kula da ƙafa da ciki da ruwa duk ɗaya ne.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ina tafiya ba ɗingishi. Na fara tuƙa keke na rabin awa domin numfashi kada ya koma baya, ina kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan tabarma safe da yamma, ido buɗe sannan ido rufe, don jijiyoyin su sake koyon riƙe ƙafar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na koma gudu a farkon makon nan, kaɗan-kaɗan a hanya mai laushi. Yau na yi kilomita 20 da bandeji, gudu minti 8, tafiya minti 2. Idon sawun ya riƙe, sai ɗan tsami a gangara.

Na bi ta tazarar nan da babu ruwa, na tarar Fulani sun sauka a gonakin da aka girbe, shanunsu suna cin harawa da kara suna bar wa masu gona taki. Karnukansu uku suka taso mini, na daina gudu na tsaya ina fuskantarsu har wani saurayi ya fito ya kore su. Na nemi ganin babbansu, na gaishe shi, na nuna masa takardar dagaci. Ya ce, “Ai muna ganinka tun kwanakin baya, mun ɗauka soja ne.” Ya sa aka kawo mini fura da nono, na sha kaɗan saboda sauran hanya. Ya yi alkawarin za a ɗaure karnukan a ranar, ya kuma yarda ƙanena ya ajiye jarkar ruwa a rugar tun daren Juma'a, muddin ba su tashi ba kafin lokacin. Idan haka ta tabbata, tazarar kilomita 13 ta rabu biyu ke nan.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kilomita 31 a yau, cikin awa huɗu da 'yan mintuna, kuma na gama da sauran ƙarfi. Duk da haka na ɗage ranar kewaye daga 15 zuwa Asabar 22 ga Fabrairu. Ana so mutum ya rage gudu na mako biyu kafin babbar rana domin jiki ya murmure, kuma idan na tsaya a kan 15 mako ɗaya kawai zan samu, ga ƙafar da ba ta daɗe da warkewa ba. Ba zan iya wuce 22 ba saboda azumi. Ɗagewar tana da farashinta: wata zai kasance ya ragu ƙwarai, fitilar goshi ce za ta yi aikin, sannan rana ta fara zafi tun ƙarfe goma, alamar hunturu yana naɗe tabarmarsa. Da na gaya wa Kawu sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya kuma ce zai jira ni a mahaɗar titin Shuwarin da kansa.

Tsarin ranar shi ne in tashi ƙarfe huɗu, in yi sallar asuba a masallacin ƙauyen da 'yan sintiri suka tare ni, waɗanda yanzu su ne suka ce za su raka ni da tocila har bayan gari. Zan tafi a duk hawa da duk rairayi mai zurfi, in yi sassarfa a sauran. Na ba kaina awa 10. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, awa 12 ake bayarwa ga kusan kilomita 90, amma wancan kwalta ce da ruwa a kowane ɗan taƙi, don haka ban ga dalilin auna kaina da su ba. Ƙanena zai same ni a wurare biyar da ruwa da dabino da dankali da safa ta canji. Mun yi yarjejeniya a gaban Inna cewa idan ya ga ina magana ba kan gado, ko na daina fitsari, ko idon sawun ya sake kumbura, shi ne mai yanke hukunci, zan hau babur ba musu. Idan hazo mai kauri ya sauka a ranar, an fasa sai baɗi.

Abin da na kashe zuwa yau ya kai naira 50,300, ban da abinci da sukari da man kaɗanya. Saura man babur na ranar, wajen lita 5, da batirin fitila, da ɗan goron da zan kai wa masu unguwanni biyu da ban samu a gida ba. Ranar Talata zan koma in duba famfon da ke kusa da kilomita 44, domin yau na tarar hannunsa ya karye, kuma idan ba a gyara shi ba dole a ƙara wurin haɗuwa na shida.